Sharhi: Tsakanin Bitamin D da Ƙibar Matasa, Wanne Ke Jawo Wanne?

Masu sauraro, a cikin tallace-tallacen magunguna da ke yawo a wayoyinmu akwai masu cewa ƙwayar bitamin D tana narkar da kitse, har wasu iyayen da ƙibar 'ya'yansu ke damun su kan nufi kemis su saya ba tare da sun ga likita ba. Maganar ba ta rasa tushe ba, domin da gaske ne matasa masu ƙiba sun fi sauran fama da ƙarancin wannan sinadari a jininsu. Sai dai masu tallar sun juya zancen, sun ɗauki sakamako sun mai da shi sanadi.

A shekarar 2013 wasu likitocin yara a Amurka suka wallafa nazarin da suka yi kan yara da matasa 'yan shekara 6 zuwa 18. Cikin masu matsakaicin jiki, kashi 21 cikin ɗari ne ke da ƙarancin bitamin D, wato ƙasa da nanogiram 20 a kowace mililita ta jini. Cikin waɗanda nauyinsu ya ɗan zarce kima adadin ya kai kashi 29, cikin masu ƙiba ya kai 34, cikin masu ƙiba mai tsanani kuwa ya kai 49, kusan rabinsu ke nan. Abin da ya fi jan hankali shi ne, a tsakanin baƙaƙen fata masu ƙiba mai tsanani adadin ya haura zuwa kashi 87, saboda baƙar fata tana buƙatar rana fiye da fara kafin ta samar da adadi ɗaya na sinadarin.

Fatar mutum ce ke haɗa bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye, sannan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa aikin. Shi kuwa ba ya narkewa a ruwa sai a mai, saboda haka duk inda kitse yake a jiki, can yake lafewa. A shekarar 2000 masu bincike a Amurka, ciki har da Farfesa Michael Holick na Jami'ar Boston, suka haska wa mutane masu ƙiba da marasa ƙiba haske iri ɗaya, sai suka tarar ƙaruwar sinadarin a jinin masu ƙiba ta gaza ta sauran da kashi 57 cikin ɗari, alhali fatarsu tana samar da shi yadda ya kamata. Suka ce kitse ne ke riƙe shi. Shekara 12 bayan haka wasu masana a Jami'ar Creighton suka kawo bayanin da ya fi wannan sauƙi, cewa girman jiki ne kawai ke tsarma shi. Cokali ɗaya na sukari zai zaƙaƙa furar da ke cikin moɗa, amma idan aka zuba shi a ƙwarya cike, ba za a ji ɗanɗanonsa ba, ko da yake sukarin yana nan bai je ko'ina ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ta fito a 2013, lokacin da aka bi diddigin ƙwayoyin gado na mutum fiye da 42,000. Waɗanda suka gaji halittar ƙiba an same su da ƙarancin bitamin D, amma waɗanda suka gaji halittar ƙarancin bitamin D ba a ga sun fi kowa ƙiba ba. Ƙiba ce ke rage bitamin D ke nan. Gwaje-gwajen da aka yi na ba mutane ƙwayar tsawon watanni ma ba su nuna raguwar nauyi ta a zo a gani ba.

Wani zai ce wannan matsalar ƙasashen sanyi ce, mu da rana ke dukanmu tun hantsi. Amma a dubi yinin yarinya 'yar shekara 14 a cikin birni. An ɗauke ta a mota da ƙarfe bakwai, gilashi a rufe, shi kuwa gilashi yana tare nau'in hasken da fata ke buƙata. Tana cikin aji har azahar, daga nan Islamiyya, da magariba tana ɗaki da waya a hannu, ga lemon kwalba da soyayyar taliya. Rana tana waje, ita tana ciki, kuma wannan zaman shi ne ke ƙara mata teɓa a lokaci guda. Wani nazari da ya tattara binciken ƙasashen Afirka, aka wallafa shi a 2020, ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku a nahiyar yana ƙasa da wancan ma'auni na nanogiram 20 na bitamin D, kuma mazauna birane sun fi na karkara rashi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a 2022 yara da matasa fiye da miliyan 390 'yan shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima, rabonsu ya tashi daga kashi 8 a 1990 zuwa kashi 20.

Dalilin damuwa da matasa musamman shi ne ƙashi. Bitamin D ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, kuma kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne a cikin shekara biyu kacal na tsakiyar balaga, wajen shekara 12 da rabi ga 'yan mata, 14 ga samari. Abin da aka rasa a wannan lokaci da wuya a cike shi daga baya. Nan ma kada a ɗora wa ƙwaya ɗaya duk nauyin. Binciken da Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna cewa yara masu laushin ƙashi da lanƙwasar ƙafa sun fi samun sauƙi da aka ba su kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Nono, kindirmo da ƙananan kifaye da ake ci da ƙashinsu, waɗanda ke ɗauke da kalsiyam, suna da muhimmanci daidai da rana.

Abin da masana a Amurka suka tsayar wa matashi shi ne 600 a kullum na ma'aunin IU da ake rubutawa a jikin kwalba, kuma kada a wuce 4,000 sai da umarnin likita. Ƙungiyar likitocin hormon ta ƙasar ta ce a 2011 masu ƙiba na iya buƙatar ninki biyu zuwa uku na abin da sauran ke buƙata, amma likita ne zai yanke wannan bayan ya duba yaron. Tunda sinadarin yana taruwa a kitse, fitsari ba ya fitar da rararsa da sauri, kuma yawansa yana tara kalsiyam a jini har ya jawo amai, yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. Ana samun bitamin D a kifin sardin da titus, gwaiduwar ƙwai da hanta, sai kuma wasa ko aiki a fili inda rana za ta taɓa hannuwa da ƙafafu, wanda shi kaɗai ne a cikin waɗannan yake rage kitsen ma.