Jita Mai Amsa Waƙa: Lacca Kan Koyon Kiɗan Buluz

(An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa. Inda malamin ya ɗauki jita ya gwada wani abu, an nuna a cikin baka.)

Assalamu alaikum. Jama'a, barkanmu da yamma. Na ga da yawanku kun zo da jitocinku. Madalla, amma ku jingine su tukuna, da kunne za mu fara.

Ƙorafin da na fi ji a bakin matasa shi ne: "Malam, na haddace tsanin nan mai hawa 5, ina hawa ina sauka ba gargada, amma in na kaɗa ko kama da buluz ba ya yi." Tsanin da yake nufi jerin sautuka 5 ne da ake bi daga ƙasa zuwa sama. Abin da ya rage masa magana ce. Jitar gaba, wato mai jan kiɗa, a buluz murya ce ta biyu, mawaƙi ya faɗa, ita ta amsa. Wanda ya riƙe wannan, da sauti 3 ma sai ya sa tsigar jikin mutum ta tashi. Wanda bai riƙe ba, ko yatsunsa sun fi walƙiya sauri, surutu kawai yake yi.

Bari mu san masu abin tukuna. Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, 'ya'ya da jikokin bayin da aka 'yanta a 1865, waɗanda suka ci gaba da noman auduga a gonakin da ba nasu ba, musamman a jihar Misisifi. W.C. Handy ya ba da labarin cewa wajen 1903, yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler, ya ji wani mutum yana waƙa yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jitarsa. Ku lura da wuƙar nan. Me ya sa zai goga wuƙa alhali yana da yatsu? Don wuyan jita an yanka shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da sautinta tsayayye, ita kuwa muryar ɗan'adam ba tsalle take yi daga sauti zuwa sauti ba, zamewa take yi. Mutumin nan so yake jitarsa ta yi irin abin da maƙogwaronsa ke yi. Wasu suka yi da wuyan kwalba. Daga baya da jitar lantarki ta zo, T-Bone Walker, mutumin Teksas, ya nuna a shekarun 1940 cewa tsirkiya ɗaya tak za ta iya tsayawa gaban masu busa ta yi magana a ji ta. B.B. King, wanda aka haifa a Misisifi a 1925 ya rasu a 2015, ya sha faɗa cewa jin T-Bone ne ya sa shi neman jitar lantarki. Kuma karkarwar yatsan nan da aka san B.B. King da ita, asalinta ƙoƙarin kwaikwayon ɗan'uwansa Bukka White ne, mai kiɗa da ƙarfe a yatsa. Duk tarihin ke nan a dunƙule: neman yadda waya za ta yi kuka irin na mutum.

To, filin da ake maganar a cikinsa. Mafi yawan buluz zagaye ne mai gida 12, kowane gida bugu 4. Kod 3 kacal ake juyawa, A da D da E; kod shi ne sautukan da ake haɗawa a kaɗa tare. In muna kan A: gida 4 na farko A, gida 2 D, a koma A gida 2, sai E gida 1, D gida 1, A gida 1, na ƙarshe E, shi ke juyo da kai farko. Waƙar ma haka take: mawaƙi ya faɗi ɗango, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku da ke warware maganar. Kowane ɗango yakan ci kusan gida 2, ya bar gida 2 a buɗe. Wannan gurbin shi ne rabonka, nan kake amshi. B.B. King bai cika haɗa waƙa da kiɗa lokaci guda ba. Ya rera, ya yi shiru, jitarsa Lucille ta karɓa.

Bugun ma ba daidai-wa-daida ake raba shi ba. Kowane bugu kashi 3 ne, a kaɗa na farko da na uku, a tsallake na tsakiya. Dogo, gajere, dogo, gajere. Ku tafa tare da ni. (Tafi.) Yauwa. Na bayan can kuna sauri, ku sassauta. Kafin ka taɓa kiɗan gaba, sai zagayen nan ya zauna a jikinka har ana yi maka hira ka san gida na nawa ake. Ka yi makonni kana kiɗan rakiya kawai, ba faɗuwa ba ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ku ɗauko jitocin. Tsanin da kuka haddace, A, C, D, E, G, yana nan daga gaɓa ta 5. Tsirkiya ta 1, wato siririyar ƙasa, da ta 2 da ta 6, gaɓa ta 5 da ta 8. Sauran ukun, ta 5 da ta 7. Akwai baƙon sauti guda tsakanin D da E, a gaɓa ta 8 ta tsirkiya ta 3, wanda ake ratsawa ta kansa ba a zama. Wannan duka a yini ɗaya ake koyonsa, ba zan ɓata muku lokaci a kai ba.

Inda aikin yake shi ne tura tsirkiya. Ku dubi hannuna da kyau. Yatsan zobe a gaɓa ta 7, tsirkiya ta 3. Na tsakiya da manuni suna bayansa a kan tsirkiyar, suna taya shi. Babban yatsa ya leƙo ta saman wuyan jitar ya kama. Ba yatsa ke turawa ba, wuyan hannu ke murɗawa, yatsun suna bi. (Ya kaɗa.) Kun ji D ta tashi ta zama E? Kamar dai makaɗin kalangu in ya matse tsarkiyoyin gangarsa a hammata, fata ɗaya ce, amma muryar ta hau. Abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne inda turin ya tsaya. In ya gaza kaɗan, kunne ya ji tsami. In ya zarce, haka. Ga gwajin da za ku riƙa yi kullum: kaɗa gaɓa ta 9 a tsirkiyar, ka saurara sosai, sannan ka dawo ta 7 ka tura har sautin ya zama ɗaya da wancan. Rufe ido ka yi. Fatar yatsa za ta yi zafi, har ta saɓule, daga baya ta yi kanta. In zafin ya shiga gaɓar hannu kuwa, ka ajiye jitar sai gobe, wannan ba zafin koyo ba ne.

Akwai kuma ƙaramin turi, wanda ni a wurina shi ne zuciyar abin. Manuni a gaɓa ta 5, tsirkiya ta 3, wato C. Ka kaɗa, sai can ƙarshen sautin ka ɗan ja shi ƙiris, bai kai gaɓa ta 6 ba, ka kashe shi nan take. (Ya kaɗa sau da yawa.) Wannan sautin babu shi a kan fiyano. Yana tsakanin murna da baƙin ciki, bai zaɓi ɗaya ba. Ku je ku saurari Albert King. Bahago ne, ya juya jitar 'yan dama a kife bai sauya jerin tsirkiyoyin ba, saboda haka shi ƙasa yake jawowa maimakon ya tura sama. A turi guda sai ya tsaya wurare daban-daban, kowanne da abin da yake faɗa. Kalmominsa kaɗan ne ƙwarai, yana ta maimaita su, amma ba a gajiya da ji.

Karkarwa ma daga wuyan hannu take. Abu ɗaya zan ce a kanta: kada ka fara ta da zarar ka kaɗa. Bar sautin ya tsaya cak tukuna, sannan ka girgiza shi, kuma girgizar ta bi bugun kiɗan.

Sai abin da 'yan koyo suka fi sakaci da shi, wato sauraron kod ɗin da ke ƙarƙashinka. Gaskiya ne tsanin nan yana hawa kan zagayen duka ba ya karo. Amma in ba ka nuna ka ji an juya ba, mai sauraro zai gane ba tare kuke da abokan kiɗanka ba. Ga sirri mai arha. Ana kan A, ka sauka a gaɓa ta 6 ta tsirkiya ta 3. Da an shiga gida na 5, an koma D, ka ja yatsa baya gaɓa ɗaya, ta 5. Shi ke nan. (Ya kaɗa.) Gaɓa ɗaya na motsa, amma ko babu mai rakiya kun ji kiɗan ya juya. A kan D kuma ka gwada gaɓa ta 7 ta tsirkiya ta 2. In an zo E a gida na 9, gaɓa ta 9 ta wannan tsirkiyar tana jiranka. Waɗannan masaukai ne. Tsakaninsu ka yi yawonka yadda kake so.

To yaya ake ƙirƙira nan take? Mutane suna zaton daga sama abin ke faɗowa. A'a. Ku da kuke magana da Hausa, ba ku shirya jimlolinku tun daga gida ba, amma kowace kalma a bakin wani kuka ji ta. Makaɗan da, allurar garmaho suke ɗagawa su mayar baya, su sake, har faifan ya goge. Ku yau waya na hannunku, tana ma rage muku saurin kiɗan. Ka zaɓi jimla ɗaya ta wani gwani, mai sauti 4 ko 5. Ka saurare ta har ka iya rera ta da baki. Sai bakinka ya iya sannan ka neme ta a jita, da kunnenka, ba da takardar lambobi ta intanet ba. Takarda za ta gaya maka gaɓar da za ka danna, ba za ta gaya maka nauyin dannawar ba. In jimlar ta zauna, ka fara wasa da ita: fara ta a makare da rabin bugu, sauya sautin ƙarshe, yanke ta biyu. Nan ta fara zama taka.

Ga ƙa'idar da nake ɗora wa ɗalibaina, kuma ba na sassautawa: abin da bakinka bai rera ba, kada yatsanka ya kaɗa. Ka riƙa rerawa kana kaɗawa tare. Amfaninsa biyu. Yatsa ba zai gudu ya bar tunani a baya ba. Sannan numfashi zai ƙare maka, dole ka tsaya, jita ma ta tsaya. Wannan shirun shi ke ba mai sauraro damar haɗiye abin da ka faɗa. Mu gwada. Zan yi gida 2, ku amsa da gida 2, sauti 3 kawai na yarda. (An yi zagaye biyu.) Ƙanwata mai jan gyale, sake yin naki su ji. Kun ji? Sauti ɗaya ta maimaita, ta jira, sannan ta sauka. Amshi ke nan.

Wani zai ce ai abin nan namu ne, daga nan aka kwashe shi. A yi hattara. Dangantaka akwai ta. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, ya nuna kamanni tsakanin buluz ɗin Misisifi da waƙar makaɗan tsirkiya na yankinmu, har da masu goge na Hausa. Yaran Misisifi ma, a zamanin da, da waya ɗaya da suke kafawa a bangon ɗaki suke fara koyo. Wanda ya tashi yana jin kukuma da gurmi da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, tsani mai hawa 5 ba baƙonsa ba ne. Ga Ali Farka Toure na Mali, ga Bombino na Agadas, duniya ta ji su ta ce buluz ɗin hamada. Amma su yawanci a kan kod ɗaya ko biyu suke zagayawa, ba gida 12 ba. Buluz kuwa mutanen can ne suka gina shi da wahalarsu, a cikin harshensu. Kunnenmu ya ba mu rata, wannan gaskiya ne, sai dai ba ya ɗauke mana zaman koyo a gabansu da ladabi.

Akwai tambaya? Na'am, ƙanena.

(Wani matashi ya ce jitarsa ba ta lantarki ba ce, kuma tsirkiyoyinta sun yi tauri, ba sa turuwa.)

Miƙo ta nan. (Ya duba.) To, ba laifin hannunka ba ne. Dubi ratar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jitar a gaɓa ta 12, ta yi yawa. Sauyin yanayi tsakanin damina da hunturu yana taɓa katako, wuyan ya ɗan lanƙwashe. Akwai ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa da ɗan makulli, amma kada ka murɗa da kanka, kai wa wanda ya saba. Sannan ta 3 ɗin nan taka naɗaɗɗiya ce, irin ta jitar katako, ba za ta hau gaɓa 2 cikin sauƙi ba. Ka nemi tsirkiyoyi marasa kauri, masu lamba 10, ka sa ta 3 santala. Kafin ka samu, sassauta duka shidan da gaɓa ɗaya ko biyu, za su yi laushi. Ka riƙa yin ƙaramin turin nan da zamiya daga gaɓa ta 7 zuwa ta 9, su ba sa buƙatar ƙarfi. In mun tashi ka tsaya in nuna maka yadda ake auna ratar. Sai tambaya ta gaba.