Ƙofa Kafin Ruwa: Lacca ga Sababbin 'Yan Kwana-kwana

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abu biyar ne aikinmu idan mota ta tsaya a gaban gidan da ke ci da wuta: a ceci rai, a kare maƙwabta, a killace wutar inda take, a kashe ta, sannan a tona a tabbatar ba ta ɓuya ba. Kun lura kashewa ta zo ta huɗu?

Yanzu ga yadda ake tunkarar aikin. Na ɗaya, kafin a warware mesa, shugaban ayari ya zagaya gidan kaf. Ya tambayi mutanen gida: su nawa ne a ciki, a wane ɗaki, akwai tukunyar gas, ina aka ajiye man janareto? A cire katawut. Amma gida mai sola, ko ka cire, faifan da ke kan rufi yana ba da wuta muddin akwai rana, batir ma haka.

Na biyu, ƙofa. Jama'a, ƙofa! Wutar da ke ɗaki a rufe ta cinye iskar ciki, yunwa take ji. Hayaƙin nan baƙi mai kauri, makamashi ne da bai samu iskar ƙonewa ba. Sai wani bawan Allah mai son lada ya zo da taɓarya ya ɓalle ƙofa, ɗan'uwansa ya fasa taga ta baya. Shi ke nan, an yi mata zuga-zugi. Iska ta shiga ta ƙasa, zafi ya fita ta sama, duk wanda ke tsakanin ƙofar da tagar yana kan hanyar wuta. Idan zafin da ya taru a ƙarƙashin silin ya kai wajen digiri 600, komai na ɗakin kamawa yake a lokaci guda: katifa, labule, kujera. Katifar soso kuwa ai fetur ce da aka yi wa riga.

Don haka ba a buɗe ƙofa sai ruwa ya iso bakin mesa. Ka taɓa ƙofar da bayan hannu, ka durƙusa gefe, ka buɗe kaɗan, ka watsa ruwa sama a taƙaice, ka ja ta. Kuka shiga, mutum ɗaya ya tsaya yana riƙe da ita, faɗin mesa kawai zai bari. Da hunturu kuma ka duba inda iska ke kaɗawa, ka sa ta a bayanka. Na maimaita ko? Zan ƙara: ƙofa.

Ina muka tsaya, na uku ko na huɗu? Ruwa dai. Motar da ta ɗauko lita 4,000, idan mesa na fitar da 500 a minti, minti 8 gare ka. Ka kira tanka tun kana hanya. Lita ɗaya tana zama tururi kusan lita 1,700, ka cika yi ka dafa wanda ka zo ceto. A shiga bibbiyu, a fita bibbiyu, kada ka jira usur ɗin tukunyar numfashi, mai gargaɗin iskarka ta kusa ƙarewa, kafin ka juyo. A kasuwa, irin gobarar Sabon Gari ta Kano a 2016, rumfar da ta riga ta tafi ka bar ta, ka jiƙa na kusa da ita.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, idan wuta ta kama bakin tukunyar gas fa?

Tambaya mai kyau. Kada a kashe harshen wutar alhali gas na fita, sai ya kwanta a ƙasa, don ya fi iska nauyi, ya jira tartsatsi. Idan makunnin na taɓuwa, a rufe shi da jiƙaƙƙen tawul a hannu. Idan wuta ta riga ta lulluɓe jikin tukunyar, a kwashe mutane, a sanyaya ta da ruwa daga bayan katanga, kuma kada kowa ya ɗaga ta har sai ta huce sarai.