Gyaran ƙwayar halitta a ɓargo: ina haɗarin yake?

Assalamu alaikum. Iyayena da ƙannena, duk wanda ya taɓa kwana a asibiti cikin hunturu yana matsa wa yaro mai sikila ƙafa har asuba, ya san abin da ya tara mu a Gusau yau.

A ɓargo ake yin jini, daga wasu ƙwayoyi da zan kira iyayen jini. Su ake ɗebowa daga jikin majinyaci, a gyara, a mayar masa. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, wani maganin sikila da ke amfani da fasahar CRISPR, mai datse zaren halitta kamar almakashi, ya farfaɗo da irin jinin da jariri ke da shi a cikin uwa, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje.

To, gyaran kansa yana iya sauka inda bai kamata ba. A farkon shekarun 2000, a Faransa da Ingila, an yi wa yara 20 da aka haifa ba garkuwar jiki aiki makamancin wannan, amma da wata tsohuwar dabara. Yawancinsu sun samu sauƙi, amma aƙalla 5 suka kamu da sankarar jini, domin a akasarinsu ƙwayar cutar da aka aika da gyaran ta sauka kusa da wata ƙwayar halitta, LMO2, ta tayar da ita. Daga nan aka sake fasalin ɗan aiken. Yanzu kuma ana gwada sauya harafi ɗaya tak na rubutun da ke jikin zaren halittar ba tare da datse zaren ba.

Abin da ya fi damuna shi ne busulfan, maganin da ake ba majinyaci don ya kawar da tsofaffin iyayen jini kafin a mayar masa da waɗanda aka gyara. Manomi ba ya shuka sai ya share gona, haka ɓargo. Sai dai wannan magani wuta yake cinna wa gonar. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har ruwa ya gagari haɗiya, mutum ya yi makonni a killace don gudun cuta. Sau da yawa kuma haihuwa ta tafi. Wata baiwar Allah ta tare ni a bakin ƙofa ɗazu, ta ce, "Likita, 'yata za ta warke, amma ba za ta goya nata ba?" Wallahi tambayar nan tana nan a ƙirjina.

Shi ya sa nake bin gwajin wasu sinadaran garkuwa da ke neman wata alama, CD117, a jikin iyayen jini, su tsince su kaɗai kamar mai cire ciyawa da hannu. Kafin wannan ya tabbata, wanda za a yi wa aikin ana fara adana masa ƙwai ko maniyyi a daskare, tun busulfan bai shiga jikinsa ba.