Darasin Sana'a: Nawa Ake Kashewa Kafin A Fitar Da Man Shafawa Kasuwa?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na sana'o'i. Yau za mu yi lissafin jarin da ake buƙata idan mutum yana son fitar da kayan kwalliya da sunansa. Hajiya, barka da zuwa. Ga mai sauraro tana da 'yan kuɗinta a hannu, daga ina za ta fara?

Hajiya: Barka kadai, Malam. Ta fara da zaɓen kaya guda ɗaya tak. Yawanci mace za ta zo tana son mai, sabulu, humra, dilka da man gashi a lokaci guda. To kowanne yana da mazubinsa, da sitikarsa, da gwajinsa, kuma kowanne sai ya samu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tasa daban. Kaya biyar, kashe kuɗi biyar. Shawarata ga mai farawa ita ce man kaɗanya bugagge, wanda babu ruwa a cikinsa.

Mai gabatarwa: Me ya sa ba loshan ba? Shi mata suka fi tambaya.

Hajiya: Loshan kusan kashi 70 cikin 100 ruwa ne, shi ya sa mutane suke ganin kamar ya fi araha. Amma da zarar ruwa ya shiga haɗi, ƙwayoyin cuta da fumfuna sun samu wurin zama. Dole ki sayi tataccen ruwa, ba na rijiya ko na famfo ba. Dole ki sayi sinadarin da ke haɗa ruwa da mai, wajen kashi 4 zuwa 6 na haɗin. Dole ki sa sinadarin hana lalacewa irin su fenoksi-etanol, wanda ba a wuce kashi 1. Ga abin auna tsami, don tsamin loshan ya tsaya wajen 5 zuwa 5.5 a ma'aunin, daidai da na fata. Ga gwajin ƙwayoyin cuta a ɗakin bincike. Idan aka kuskure ɗaya, bayan makonni kaɗan ruwa ya ware daga mai, ko baƙi-baƙi ya fito a ƙarƙashin murfi, kuma duk abin da aka haɗa ranar ya tafi shara.

Mai gabatarwa: To a ba mu awon man kaɗanyar.

Hajiya: Mu ɗauki haɗin kilo 10. Man kaɗanya kilo 7, mai ruwa-ruwa kamar na kwakwa ko na zaitun kilo 2.8, turare giram 150, bitamin E giram 50. Bitamin E ɗin nan yana jinkirta warin tsohon mai ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kada a ruɗa su. Komai da sikeli ake auna shi, ban da cokali ko gwangwani, domin in awo ya bambanta yau da gobe, lissafin riba ma ya bambanta.

A takarda kilo 10 roba 100 ce ta giram 100. A zahiri ki sa ran 94 ko 95, saboda abin da ke maƙalewa a tukunya, da wanda za a tace, da wanda za ki ajiye a matsayin shaida na kowane haɗi. Ki raba kuɗin a kan 94, ba 100 ba.

Wurin sayen kaɗanyar kuma a kula. Tana zuwa ne daga jihohi irin su Neja, Kwara da Kebbi, ana tsintar ƙwallon da damina, man kuma ya fi sauƙi bayan kaka. Ki ɗebi kaɗan ki narka kafin ki yi sari. Idan kika ga ruwa ko ƙasa sun kwanta a ƙasan tukunya, kin biya kuɗin nauyin da ba mai ba. Idan yana ƙaurin hayaƙi sosai, turare ninki biyu zai ci kuma ba lallai ya ɓoye ba.

Mai gabatarwa: Kayan aiki fa?

Hajiya: Waɗannan ba su da yawa. Sikelin dijital biyu, babba na kilo da ƙarami na giram, tukwanen ƙarfe marasa tsatsa, injin bugawa, ma'aunin zafi, rariya, safar hannu da hula. Sai firji, kuma a nan kuɗin wuta ke shigowa. Man kaɗanya idan aka narka shi aka bar shi ya huce a hankali, sai ya yi tsaki-tsaki a fata kamar an zuba yashi. Maganinsa a sanyaya shi da sauri kafin a buga. In babu tsayayyar wutar lantarki, a sa kuɗin fetur ko na ƙanƙara cikin lissafi tun farko.

Akwai kuma asarar da zafi ke jawowa. Bugaggen mai iska ce ta kumbura shi. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, cikin but ɗin mota kuwa ya fi haka. Man zai narke, iskar ta fita, mai saye ta buɗe roba ta ga rabi, ta ce an cuce ta. Saboda haka a rubuta nauyi da giram a jikin roba, a rage bugu lokacin bazara, a kai kaya tasha da yamma don motar dare.

Mai gabatarwa: Mu zo kan mazubi, don na ji ana kuka da shi.

Hajiya: Da gaskiyarsu. Roba, murfi, ledar liƙe baki, sitika da katan, idan aka haɗa su sukan kusa kamo kuɗin man da ke ciki. Mai farawa ta sayi robar da ake samu kullum a Sabon Gari a Kano ko a kasuwannin Legas. Masana'antun China da ke buga suna a jikin roba ba sa karɓar oda sai ta dubbai, da dala, kuma sai a jira watanni. Wannan jari ne da ya kwanta a sito ba ya haihuwa.

Sitika kuma kada a yi ta takarda. Mai yana jiƙa ta, rubutu ya goge, kaya su yi kamar tsofaffi. A yi ta roba mai jure mai da ruwa. Kuma don Allah kada a buga dubu biyu kafin NAFDAC ta amince da rubutun. A jikinta dole akwai sunan kaya, nauyi, jerin abubuwan da aka haɗa, sunan mai haɗawa da adireshi, lambar haɗi, ranar yi da ranar ƙarewa, sai lambar rajista. In hukumar ta ce a cire kalma ɗaya, misali an rubuta "yana warkar da ƙyasbi", wanda ya mai da shi magani, duk abin da aka buga ya zama asara.

Mai gabatarwa: Takardun hukuma su ne suke tsorata mutane, Hajiya.

Hajiya: Mataki uku ne, kuma a jere suke. Na farko rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Na biyu rajistar tambari a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya. A rajistar tambari, kayan kwalliya suna rukuni na 3, rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14. A bincika tukuna ko wani ya riga ya ɗauki sunan, tun ba a kashe kuɗin zane da talla ba. Na uku NAFDAC, ana nema ta shafinta na NAPAMS, lambar kuma shekara 5 take yi. Kuɗin kowanne a duba shi a shafin hukumar ranar da za a biya, a biya ta hanyar gwamnati a karɓi rasit.

Abin da ya fi kuɗin fom nauyi shi ne wurin aiki. Jami'ai suna zuwa duba shi, kuma madafar gida ba ta shiga. Ana son ɗaki keɓaɓɓe mai daɓe da bango masu wankuwa, raga a taga, wurin wanke hannu, wurin ajiye ɗanyen kaya daban da gamammu, da takardar lafiyar ma'aikata da ta feshin ƙwari. Wadda ba za ta iya ba, tana iya yin yarjejeniya a rubuce da masana'antar da ta riga ta cika sharuɗɗa, ta haɗa mata da sunanta. Kowace roba za ta fi tsada, amma ta huta da haya da gyaran ɗaki.

Mai gabatarwa: A yi mana lissafi da alƙaluma, yadda mai sauraro za ta rubuta.

Hajiya: Waɗannan alƙaluman misali ne, kowa ta cire ta sa farashin da ta tarar a kasuwa. A roba ɗaya, mu ce kayan haɗi naira 700, roba 300, sitika 120, leda da katan 80, gas da wuta da kuɗin mota 100, ladan aiki 100. Ya zama 1,400. Ladan aikin nan ki sa shi ko da ke kike yi da hannunki, domin ran da kika ɗauki yarinya sai kin biya ta.

Yanzu mu ce rajista, gwaji, kayan aiki da gyaran ɗaki sun ci 600,000. Idan kika sayar da roba 2,000 a shekarar farko, kowace ta ɗauki 300, jimla 1,700. Kin ga man da kansa bai kai rabin kuɗin ba. Mai kanti zai sayar 3,500, ya karɓa a hannunki 2,600, ribarki 900. Amma in roba 500 kawai kika sayar, kowace ta ɗauki 1,200, jimla 2,600 cif, ba ki samu ko kwabo ba. Kuma ban sa kuɗin talla ba, da hoto, da data, da samfurin da ake rabawa kyauta.

Mai gabatarwa: Wasu sun ce man sa hasken fata shi ke fita da wuri a kasuwa.

Hajiya: Yana fita, kuma yana lalata fatar 'ya'yan mutane. Makyuri da sinadaran sitiroid an haramta su a kayan kwalliya, kuma haɗin da ake kira "na gargajiya" alhali an matse tub na sa haske a ciki, ha'inci ne. Ba zai samu lamba ba, in an kama a ƙwace kaya a rufe wuri.

Abu na ƙarshe da nake so a rubuta: kada a zuba duk jari a haɗin farko. Masu kanti da yawa "ajiye in an sayar" suke karɓa, kuɗi ba zai dawo ba sai bayan wata ɗaya ko biyu, alhali mai kaɗanya da mai roba hannu da hannu suke so. A ware kuɗin haɗi na biyu da na uku a gefe, a kuma ƙayyade katan nawa za a bayar bashi ga kanti ɗaya.

Mai gabatarwa: Madalla, mun gode Hajiya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauki lissafin sabulun salo. A huta lafiya.