Babban Ɗan Da Ya Tsaya A Waje: Lacca Kan Ƙishin Kusantar Allah

(An rubuto wannan daga laccar da wani fasto ya gabatar da yammacin wata Asabar a majami'ar masu jin Hausa da ke Marwa, arewacin Kamaru. An bar maganar yadda ta fito daga bakinsa.)

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Na can baya kuna ji na? Madalla. Ku matso mana, bencin gaba ba ya cizo. (Dariya.) Iyayenmu na zumuntar mata, sannunku da ɗawainiya, na san tun safe kuke kan ƙafa.

An ce in yi magana a kan marmarin kusantar Allah. Abu huɗu na rubuta a takardar nan, in wuta ba ta ɗauke ba za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne ƙishin kansa. Mutane da dama sukan tare ni bayan sujada su ce, "Fasto, ina zuwa majami'a, ina ba da zakka da baiko, amma ji nake Allah ya yi mini nisa." Suna faɗa suna sunkuyar da kai kamar an kama su da kayan wani. Ni kuwa in na ji haka daɗi nake ji, domin gawa ba ta jin ƙishi. Ku buɗe Zabura 63. Dawuda yana jejin Yahudiya, ya ce ransa na ƙishin Allah a busasshiyar ƙasa inda ba ruwa. Dawuda fa, mai zabura! Akwai kuma Agustin, ɗan Afirka ne kamar mu, an haife shi a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya zama bishop na garin Hippo, ya rasu a 430. Shi ne ya ce wa Allah: ka halicce mu domin kanka, zuciyarmu ba za ta natsu ba sai ta natsu a cikinka. Saboda haka wanda ya zo yau da wannan damuwa, kada ya ji kunya. Wanda nake ji wa tsoro shi ne wanda ya daina jin komai, kuma abin bai dame shi ba.

To, na biyu. A nan zan ɗan zauna, ku yi mini haƙuri.

Luka sura 15. Kowa ya san labarin, har yaran makarantar Lahadi sun sha yin wasan kwaikwayonsa. Ƙaramin ɗa ya karɓi gadonsa tun uban na da rai, ya tafi wata ƙasa mai nisa, ya cinye, ya koma kiwon aladu, ya dawo, uban ya ruga ya rungume shi. Mu masu wa'azi a nan muke tsayawa, a aya ta 24, mu ce a yi waƙa, masu tuba su fito gaba. Amma Yesu bai tsaya a nan ba. Akwai aya ta 25 zuwa 32, kuma ku dubi farkon surar ku ga su wa suka jawo labarin: Farisiyawa da malaman Attaura, da suke gunaguni wai yana ci tare da masu zunubi. Mutanen addini ke nan. Mutanen da ba sa fashin sujada. Wato mu, masu zuwa lacca ranar Asabar cikin wannan zafi.

Babban ɗan yana ina lokacin da ƙanensa ya dawo? Yana gona. Ba gidan giya ba, ba yawon banza ba, gona. Ya dawo da ƙura har gwiwa, ya doso gida sai ya ji kiɗa da rawa. Yanzu ku lura da abin da ya yi. Gidan ubansa ne, ko ba haka ba? Ɗan gida in ya ji kiɗa a gidansu ai kutsa kai yake ya ce, "Baba, lafiya? Me muka samu?" Wannan bai shiga ba. Ya tsaya a waje ya kira wani bara ya tambaye shi me ake yi. Bara ne ke ba ɗan gida labarin gidan ubansa! Ku riƙe wannan. Akwai waɗanda duk abin da suka sani game da Allah a bakin wani suka ji shi. Fasto ya ce, mai bishara ya ce, wani mai wa'azi a WhatsApp ya ce. Su da kansu ba su taɓa shiga sun zauna sun ji daga bakin Uban ba.

Ya yi fushi, ya ƙi shiga. Sai uban ya fito. Wannan wuri yana taɓa ni ƙwarai. Tsoho mai gida, ga baƙi cike da tsakar gida, an yanka kiwataccen maraƙi, ya bar su ya fito ƙofar gida yana lallashin ɗansa. Ku dattawa da ke nan, Baba, ku gaya mini, a cikinmu wa zai yi haka? Aike za mu yi, a ce masa in ya ga dama ya shigo, in bai ga dama ba ya kwana a can. (Dariya.) Sau biyu uban nan ya fita daga gida a rana ɗaya, sau ɗaya don ƙarami, sau ɗaya don babba. Muna ta wa'azin fitar farko, mun manta da ta biyu.

Ku ji abin da ɗan ya ce. Shekara da shekaru ina yi maka bauta, ban taɓa ƙetare umarninka ba, amma ko ɗan akuya ba ka taɓa ba ni ba in yi shagali da abokaina. Bai ce "Baba" ba. Ku duba, babu. Ƙaramin da ya lalace, da ya dawo da "Baba" ya buɗe baki. Babban da bai taɓa barin gida ba ya buɗe baki da lissafi. Sannan ɗan akuyan da yake so, da wa zai ci? Da abokansa. Ba da uban ba. Ashe su biyun abu ɗaya suke so, kayan uban ba tare da uban ba. Ɗaya ya nema ta hanyar gudu, ɗaya ta hanyar biyayya.

Ni wannan ne ya fi ba ni tsoro, domin ba a ganinsa. Mashayi kowa ya san mashayi ne, shi ma ya sani. Amma wa zai je ya ce wa ma'ajin ikilisiya ya yi nisa da Allah? Mutumin da kowace Lahadi, an tashi kowa ya tafi cin tuwo, shi yana ɗakin baya da dattijo ɗaya suna ware sefa, tsaba gefe, takarda gefe, suna miƙe 'yan ɗari biyar-biyar da aka dunƙule kamar an yi dambe da su, yana rubutawa a littafi, ko dala ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ma'aji, ba da kai nake ba, kada ka ajiye mana makulli. (Dariya.) Ko 'yar ƙungiyar mawaƙa da ba ta fashin koyon waƙa, muryarta na sa mutane hawaye, ita kuwa tana waƙar tana tunanin ko an kula da sabon zanenta. Ko fasto. Ƙwarai, fasto. Mutum yana iya buɗe Littafi Mai Tsarki kullum don neman abin da zai faɗa wa mutane, bai buɗe shi ko sau ɗaya don jin abin da za a faɗa masa ba.

Kada wani ya fita ya ce Fasto ya ce a daina aiki. Gobe in zo in tarar ba a share majami'a ba! Marta ta Betanya, a Luka sura 10, ba laifi ta yi da ta shiga madafa ba, baƙo dole ya ci abinci. Abin da Yesu ya gaya mata shi ne hankalinta ya rabu kan abubuwa da yawa, Maryamu kuwa ta zauna a gabansa tana saurare. Kuma ita ma Marta, kun lura, da ƙorafi ta zo, kamar babban ɗan. Aikin da ba zama da Ubangiji a cikinsa, ƙarshensa ƙorafi ne. In ka ji kanka kana yawan cewa "ni kaɗai nake wahala a ikilisiyar nan," to ka binciki kanka.

Me uban ya amsa? Ɗana, kullum kana tare da ni, duk abin da nake da shi naka ne. Wato akuyan da kake kuka a kai, garken duka naka ne, ba ka taɓa tambaya ba ne, don ka ɗauki kanka ɗan ƙodago. A Yohanna 15 aya 15 Yesu ya ce wa almajirai ba zai ƙara kiransu bayi ba, domin bawa bai san abin da ubangidansa ke yi ba, ya kira su abokai. Musa ma, a Fitowa 33, an ce Ubangiji yakan yi magana da shi fuska da fuska kamar mutum da abokinsa, amma a cikin surar nan dai Musa ya sake roƙo a nuna masa ɗaukakar Allah. Bai ƙoshi ba. Kuma labarin Luka ya ƙare ba a gaya mana ko babban ɗan ya shiga ba. Yesu ya bar shi tsaye a ƙofa.

Kai, lokaci! Wa ya taɓa agogon nan? To, na huɗu... a'a, na uku ne ko? Na uku. Yaya ake shiga? Zan yi sauri.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma Yaƙubu 4 aya 8 ya ce ku kusaci Allah, shi ma zai kusace ku. Sai an ware lokaci. Matiyu 6 aya 6 ya ce ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. Na sani, wani zai ce, "Fasto, mu takwas ne a ɗaki, ƙofar ma labule ce." Yesu kansa ba shi da ɗaki. Markus 1 aya 35, da asuba tun da sauran duhu ya fita ya tafi inda ba kowa. Gindin dalbejiya ma ya isa. Kashe wayar kawai. Mai klando, wato ɗan acaɓa, kafin ka tayar da babur. Mai tuyar ƙosai, akwai wani bawan Allah da ake kira Ɗan'uwa Lawrence, a madafar gidan sufaye a birnin Paris ya yi shekaru yana aiki, ya rasu a 1691, abin da aka san shi da shi ke nan, hira da Allah a tsakiyar tukwane. Nan kusa da mu kuma, ta wajen Mora, akwai Tokombere, inda Baba Simon ya zauna. Simon Mpeke, fadan Katolika daga kudu, yana da babbar ikilisiya a New-Bell cikin Duwala, ya bar ta ya hauro duwatsun Mandara a 1959, yana yawo ba takalmi, ya rasu a 1975. Ku tambayi tsofaffin wajen, har yau...

Na'am? Mama, kuna da magana? A miƙa musu abin magana.

(Wata dattijuwa daga zumuntar mata:) Fasto, Allah ya ƙara basira. Ni tambayata, tun da maigidana ya rasu, ina tashi da asuba kamar yadda kuka ce, ina durƙusawa, amma ba abin da ke fitowa. Kamar da bango nake magana. Ni ce babban ɗan nan, ko kuwa Allah ne ya juya mini baya?

Mama, na gode. Ku zauna, ku zauna. Bari in ajiye takardar nan, na huɗun ya jira wata rana.

A'a, ba ku ba ce babban ɗan. Shi ya ƙi shiga ne. Ku kuwa kullum asuba kuna bakin ƙofa kuna ƙwanƙwasawa. Kuma ba ku ce farko ba. Zabura 42, mai waƙar ya ce hawayensa sun zama abincinsa dare da rana, mutane na tambayarsa ina Allahnka. Zabura 88 ta fi wannan ma, daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ta rufe, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa, bai ce a cire ba. Uwa Teresa ta Kalkata, baiwar Allah 'yar Katolika da ta yi hidimar matalauta a Indiya, da aka buga wasiƙunta a 2007, bayan rasuwarta da shekara goma, sai duniya ta ga ta yi shekaru masu yawa tana addu'a ba ta jin komai, ba ta kuma daina ba. Ubangijinmu da kansa a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka, Allahna, Allahna, don me ka yashe ni.

Mama, kun fi ni sanin Mayo Kaliyawo. A watan Maris baƙo in ya tsaya kan gada ya leƙa, zai rantse ba kogi ba ne, yashi ne kawai, yara na buga ƙwallo a ciki. Amma ku kun san inda ake durƙusawa a tona da ƙoƙo. Yashin sama da zafi har yana ƙona hannu, a ci gaba, ya fara sanyi, ya fara danshi, sai a dakata. Ba a gaggawa. Ruwan da kansa yake tsattsafowa, da fari gurɓatacce, a kwashe, a jira ya kwanta. Kogin bai tafi ko'ina ba, ƙasa ya yi. Ba zan ce muku gobe ko jibi ba, ƙarya zan yi. Baƙin ciki yana da nasa kwanakin.

Ga abin da nake roƙonku. In kalma ta ƙi fitowa, kada ku tilasta ta. Ku ari ta wani. Ku sa jikarku ta karanta muku Zabura 42 da ƙarfi, in ta gama ku ce amin, ya isa addu'ar ranar. In fushi kuke da Allah kan rasuwar maigidanku, ku gaya masa a fili, Ayuba ya faɗa masa abin da ya fi haka. Romawa 8 aya 26 ta ce in ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki ba ya iya furtawa.

Shugabar mata, kina ina? Yauwa. Taronku na wannan mako, a gidan Mama za ku yi shi. Kada ku je da wa'azi, ku je da tabarma da Zabura, kuma ba ita za ta dafa muku komai ba. Ni ma zan biyo bayan sujadar gobe, in kun yarda, Mama. To, Baba dattijo, ku rufe mana da addu'a.