Aiki a Siemens: wa ke yanke albashi, wa ke iya korar mutum?

Da zarar an ce wane yana aiki a Siemens, babban kamfanin nan na Jamus mai ƙera kayan lantarki da injuna, sai a ce ai shi kam ya haye. To, bari mu leƙa cikin gidan mu gani.

Kamfanin ya faro ne a Balin a 1847, a hannun Werner von Siemens da abokinsa Halske, yau kuma hedkwatarsa na birnin Munich. Tun 1872 ya buɗe wa ma'aikatansa asusun fansho, har da tanadin matan mamaci da marayu. Sai dai yawancin abin da ma'aikacinsa ke mora a Jamus yau, ba kyautar mai gida ba ce. Da ƙarfin ƙungiya aka ƙwato shi, doka kuma ta ɗaure.

Mu fara da albashi. Galibin ma'aikatan masana'anta ba sa zama da manaja su yi ciniki. Ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall ce ke zama da ƙungiyar masu kamfanoni, a yanke farashin kowane mataki na aiki. Kana shiga, an san matakinka, an san kuɗinka. Awa 35 ne aikin mako a yammacin ƙasar, kuma ba a banza aka same shi ba: a 1984 sai da aka yi yajin aiki na kusan mako bakwai, aka riƙa rage awannin kaɗan-kaɗan, ba a kai 35 ɗin ba sai 1995. Hutun shekara kwana 30 ne, alhali doka 20 kawai ta tilasta. In ka kwanta ciwo, kamfani zai ci gaba da biyanka cikakken albashi har mako shida. Ƙarshen shekara ga kuɗin Kirsimeti.

Amma fa in ka yi sama, sai ka fita daga inuwar wannan yarjejeniya. Manyan injiniyoyi da manajoji kwantiragin kansu suke sa wa hannu. Kuɗi ya ƙaru, eh, sai dai maganar awa 35 ta zama labari. Shi ya sa ba kowa ke rawar jiki da irin wannan ƙarin girma ba.

Yanzu mu zo kan shugabanci, inda abin ya fi ban sha'awa. A Jamus, wurin da ke da ma'aikata biyar ma yana iya zaɓen majalisar ma'aikata. Manaja ba zai kori mutum ba sai ya saurari majalisar nan, in ya tsallake ta, korar ba ta koru ba. Sannan dokar 1976 ta ce duk kamfanin da ma'aikatansa suka haura 2,000, rabin kujerun majalisar da ke sa ido kan shugabanni na wakilan ma'aikata ne. A Siemens kujeru 20 ne, goma nasu. Kada dai a ruɗe: in ƙuri'a ta yi kunnen doki, shugaban majalisar ne ke raba gardama, shi kuwa daga ɓangaren masu hannun jari yake fitowa.

Shin wannan na hana a rasa aiki? Ina! A watan Nuwamba 2017, lokacin Joe Kaeser na shugaban Siemens, kamfanin ya ce zai rage guraben aiki kusan 6,900 a duniya, ya kuma rufe masana'antarsa ta garin Görlitz, a shekarar da ya ci ribar biliyoyin Yuro. Ma'aikata suka fantsama kan titi, 'yan siyasa suka sa baki. Zuwa 2018 aka fasa rufe ta, amma rage ma'aikata sai da aka yi.

Sai abu guda da mai neman aiki daga nan gida ya kamata ya riƙe. Najeriya ta ƙulla yarjejeniyar gyaran wutar lantarki da Siemens a 2019, don haka sunan ba baƙo ba ne a wurinmu. Amma duk abubuwan da na lissafa, dokar Jamus da yarjejeniyar ƙwadago ta can ne suka haife su, ba sa bin tambarin kamfani su ƙetare iyaka. Injiniyan da aka ɗauka a Legas ko Abuja, dokar ƙwadagon Najeriya ce a kansa, da abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsa. Wanda kuma ya shigo ta hannun ɗan kwangila, ko da hularsa da ta ma'aikacin kamfanin iri ɗaya ce, mai biyansa daban ne. Kafin ka sa hannu, duba sunan da ke saman takardar.