Amsoshin Tambayoyinku: Allurar baya ga mai ciwon zuciya

Masu saurare, lokaci ya ja, ga wasiƙu tuli, sai mu ɗaga ƙafa.

Wani ɗan'uwa daga Mirriya na tambaya ko zai iya shan koko da safiyar ranar da za a yi masa aiki. A'a malam! Awa 6 ba abinci, koko kuwa abinci ne, ko da kai ruwa ka ɗauke shi.

Sai wata baiwar Allah daga Birni, nan Damagaram, kuma irin wasiƙarta sun yi yawa. Za a yi wa mahaifinta aikin gwaiwa, ga shi da ciwon zuciya, an ce allurar baya za a yi masa, ba allurar barci ba. Tana tsoron ƙafafunsa su shanye. Likita, bismillah.

Likita: To Hajiya, allurar nan ba baƙuwa ba ce. Tun 1898 wani likita a Jamus, August Bier, ya fara aiki da ita, kuma ita ake yi wa mata da yawa wajen ciro jariri. Ana sa maganin can ƙasan gadon baya, daga cibiya zuwa ƙafa ya mutu, baba yana farke, yana numfashi da kansa. Sai dai tana buɗe hanyoyin jini, tansiyo ya faɗi, zuciyar da ta gaji kuma ba ta son haka. Wanda ƙofar zuciyarsa ta tsuke sosai, sau da yawa barcin ya fi masa. Shi ya sa muke neman hoton zuciya tukuna. Aikin saman ciki kuma…

Mai gabatarwa: Likita, ƙafafun fa? Su Hajiya ke jira.

Likita: Af! Awa 2 zuwa 4 suna dawowa. Shanyewa abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma babban abin da ke jawo shi maganin tsinka jini ne, wanda masu ciwon zuciya ke sha. Kamar kilofidogirel, akan dakatar da shi kwana 5 zuwa 7 kafin allurar, amma likita ne zai ce a dakatar.

Mai gabatarwa: Kun ji ko? Bari in maimaita. Hajiya, ki tattara duk magungunan baba, da kwalayensu, har da na gargajiya, ki kai wa mai allurar. Kada ki tsayar masa da ko ƙwaya ɗaya da kanki. Ni abin da ke damuna, sai mutum ya ɓoye magani don kada a ɗaga ranar aiki. Haba jama'a! Allah ya ba baba lafiya.

Mai tambaya daga Magariya kan ciwon kai bayan allurar, ka yi haƙuri, da wasiƙarka za mu buɗe mako mai zuwa.